TABARMA GUDA DA RUWA LITA BIYAR



Mun san wanda ya buɗe takardan nan ya tarar batun jirgin ruwa za a yi, zai yi murmushi ya ce mutanen Safo sun rasa abin faɗa. Ina Safo ina teku? Ruwan da muka sani shi ne Gulbin Maraɗi, wanda kan kawo da damina ya hana mutum cin kasuwa, rani na yi kuma yara su koma wasa cikin yashinsa. Sai tafkin Madarunfa, wanda mai kwalekwale zai ratsa ya komo tun fura ba ta yi tsami ba. To, haka ne. Amma kowa ya duba garinsu, ya ƙidaya gidajen da kakansu ya tafi gabas da ƙafa, da waɗanda ɗansu ya tafi ci-rani Kurmi ko Gwanja, da waɗanda suke da dangi a Sudan har yau. Zai ga da wuya a sami unguwar da ba ta taɓa ba babban ruwa amanar mutum ba. Bahaushe bai haƙa teku ba, amma ya sha kwana a kan ruwa. Kuma duk jirgin da ya shiga, wurin da akan nuna masa ɗaya ne: inda rana ta fi duka, nesa da ruwan sha, kusa da masai in ma akwai masai. Wannan wuri shi ne batunmu na yau.

Bari mu fara da ƙetarar da ta fi kowace shiga tarihin gidajenmu, watau ta Bahar Maliya, daga Sawakin zuwa Jidda. Kafin jirgin sama ya zama hanyar alhazai, mutumin ƙasan nan yakan bi ta Kano ko Damagaram ya kai Barno, ya wuce garin da ake kira Njamena yanzu, ya bi Abeshe, ya shiga Sudan ta Janaina, sa'an nan Fashir, sa'an nan Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa. Mai abin hannu ya hau. Wanda guzurinsa ya ƙare kuwa, su ne mafi yawa, sai ya tsaya tsinkar auduga a Jazira, inda aka buɗe babbar gonar ban-ruwa a 1925. Ya yi shekara, ya yi biyu, wani ya yi aure har ya haihu, yana tara kuɗin jirgi. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu ma mutanenmu ne suka kafa shi, waɗanda suka bi ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903. A 1948 waɗansu attajiran Kano suka fara jigilar alhazai da manyan motoci, tafiyar shekaru ta koma ta watanni. Amma ko da ƙafa ka je ko da mota, ƙarshen ƙasa ɗaya ne: Sawakin, tsohon gari na dutsen murjani, wanda Ingilishi suka juya wa baya sa'ad da suka soma gina Fot Sudan a 1905, suka bar masa aikin tara alhazai, a tsare su a karantina, a yi musu lamba, a loda su.

Tsakanin Sawakin da Jidda kamar kilomita 300 ne, jirgi mai inji yakan cinye su a dare guda da ɗan ƙari. Wanda ya yi shekara bakwai a hanya, me dare guda zai yi masa? Mu ma haka muka zata, sai da muka zauna gaban wani tsoho na garinmu, Allah ya ji ƙansa, wanda ya yi tafiyan nan da matarsa tun yana da ƙuruciya. In aka tambaye shi labarin Makka, shekarun Wadai da na gonar auduga yakan wuce su da baki biyu. Amma in ya iso bakin teku sai ya gyara zama. Tun da hantsi aka loda su, jirgi bai ɗaga ba sai bayan magariba, ga su zube a kan ƙarfe, rana ta gasa ƙarfen har ba a iya dafa shi da tafin hannu, babu rumfa ko ta tsumma. Famfo guda ne, ana buɗe shi ana rufewa yadda mai mabuɗi ya ga dama, ƙarfafa su ke fara kaiwa, mai goyo ta sami abin da ya rage. Masai kuwa wani akwati ne na katako da aka maƙala a gefen jirgi, a idon kowa. Saboda haka matarsa ta ƙi shan ruwa tun da safe, don kada buƙata ta kama ta a gaban maza. Haka ta wuni, haka ta kwana, haka sauran mata suka yi. Da aka shiga tsakiyar ruwa jirgi ya soma rawa, mutanen da ba su taɓa ganin igiyar ruwa ba suka dinga amai a jikin juna, babu abin wankewa. Lokacin salla ya yi, ga ruwa iyakar ganin ido, ga mutum yana yawon neman na alwala, in ya samu ma babu inda zai sa goshi sai gadon bayan na gabansa. Can sama kuwa, bayan wata igiya da aka gitta, akwai waɗansu 'yan mutane a kan kujeru, yaro yana kai musu shayi. Tsohon yakan yi dariya in ya zo nan, ya ce ai dai ya isa, har ga shi ya komo. Mu da muke saurare dariyar ba ta zo mana ba, balle wajen batun tsohuwar, wadda take zaune a bakin ƙofa tana ji, ba ta taɓa sa baki ba.

Shi ma fa yana cikin masu sa'a, zama yana da takarda da kuɗin tikiti. Waɗanda ba su da su sukan bi ta bayan gari da dare su shiga sambuk, jirgin katako mai tafiya da iska, wanda in iska ta kwanta sai ya kwanta tare da ita, kwanaki suna wucewa salka tana raguwa. Masu jirgin sukan zubar da su a gaɓar da babu kowa, kudu da Jidda, su nuna musu hanya da hannu su juya. Waɗansu ƙishirwa ta kashe su cikin rairayi, waɗansu suka faɗa hannun masu cinikin bayi, gama ba a hana bauta a Saudiyya ba sai a 1962.

To, ga abin da tsohon nan ya mutu bai sani ba. Tun kafin ya ɗaura niyya an riga an rubuta abin da ya kamaci mahajjaci a cikin jirgi, da lamba da awo. A watan Yuni na 1926 ƙasashe suka taru a Paris suka sa hannu a wata yarjejeniyar kiwon lafiya, a cikinta akwai babi sukutum kan jiragen alhazai. Ta ce kowane mahajjaci, babba ko yaro, a ba shi fili na mita murabba'i ɗaya da rabi a cikin jirgi, rufin da ke bisa kansa kuma ya kai mita 1 da santimita 80, ban da ɗan filin shan iska a sama. Ta ce a ba shi ruwan sha lita 5 kowace rana, kyauta. A yi masai gwargwadon yawan mutane, na mata dabam, a yi wurin wanka da wurin dahuwa, a keɓe ɗakin majinyata. Kowane jirgi ya ɗauki likita, in mutane suka wuce 1,000 ya ɗauki biyu. Sa'an nan akwai wata aya da muka fi so duka. An tilasta wa kyaftin ya manna sanarwa inda kowa zai gani, cikin harsunan mutanen da ya ɗauko, mai faɗin inda jirgi za shi, da kuɗin tikiti, da abinci da ruwan da kowa zai samu a yini, da farashin abin da ake sayarwa. Kyaftin ɗin da ya tauye wa mutum ruwansa, akwai tara a kansa.

Kada wani ya ɗauka ƙaunarmu ce ta sa Nasara suka zauna suna auna mana ruwa. Tsoro ne. A 1865 kwalara ta ɓarke a Makka ta kashe dubban alhazai, ta bi jiragen da suka komo ta Masar har ta shiga Turai. Tun daga ranar suka gane ƙazantar da aka bar talaka a cikinta ba ta tsayawa a daraja ta uku. Yadda suka ɗauki ran mahajjaci kuwa, a tambayi jirgin da ake kira Jeddah. A 1880 ya taso daga Singafo da alhazai sama da 900, ruwa ya soma shigarsa, kyaftin da manyan ma'aikatansa Turawa suka sulale cikin ƙaramin jirgi suka bar mutane, suka isa Adan suka ce ya nutse. Washegari sai ga shi wani jirgi ya jawo shi, kusan dukan mutanensa a raye. Hukuncin kyaftin shi ne aka karɓe takardar tuƙinsa shekara uku. Har wa yau, dokar 1926 ɗin manyan jiragen da ke zuwa daga Indiya da Jawa ta fi kallo, gajeriyar ƙetara irin ta Sawakin an bar ta ga wata ƙa'ida dabam. Duk mun san wannan. Amma mutum ba ya ƙin tiya don wanda ya kawo ta kasuwa mugu ne. Yarjejeniyar ta daɗe da tsufa, dokokin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1951 sun maye gurbinta, a 1973 kuma aka ƙulla wata a Landan kan filin da za a ba fasinjan da ba shi da gado. Abin da ya sa muka tono ta shi ne ta nuna hutun matafiyi abu ne da ake aunawa kamar yadda ake auna gero, kuma wanda ya ci awo ana iya kama shi.

Mai rubutun nan malamin lakwal ne, sana'arsa alli, saboda haka bari ya yi magana da bakinsa. Mita murabba'i ɗaya da rabi magana ce ta littafin lissafi, ba ta shiga kunne. Ran nan na sa yara suka ture bencuna suka zana ta a ƙasa, tsawo mita 2, faɗi santimita 75. Wani yaro ya tsaya ya duba, ya ce, Mushe, ai tabarma ce. Tabarma ce kuwa, ta mutum ɗaya, wadda in ya juya da ƙarfi zai faɗa ta maƙwabci. Ajinmu mita 9 ne da mita 7, muka buga muka raba, ya ba mu mutum 42. Lita 5 kuwa, jarkar nan ta lita 25 da yara ke ɗauko wa iyayensu ruwa da ita, mutum biyar ke da ita a yini. Iyakar abin ke nan da manyan duniya suka yi taro a kansa. Babu katifa a ciki, babu fanka. Shimfiɗa ce da ruwa, watau abin da mai gida mafi talauci a Safo ba ya hana baƙon da dare ya yi masa a zaurensa, baƙon da ko dala bai biya ba. Fasinja kuwa ya biya.

Akwai masu cewa wannan duk maganar jin daɗi ce, talaka ya saba da wahala, muddin ya isa lafiya shi ke nan. To, su saurari labarin Joola. Jirgin gwamnatin Sanigal ne, sojoji ke tuƙa shi, yana jigila tsakanin Ziganshor ta ƙasar Kazamans da Dakar, a taso da rana a kwana a ruwa. An ƙera shi don mutum 580 har da ma'aikata. Ran 26 ga Satumba 2002 ya taso da fiye da ninki uku: mata 'yan kasuwa da kayansu, 'yan makaranta masu komawa bayan hutu, ƙananan yaran da ba a yanka wa tikiti, da waɗanda suka hau a tsibirin Karaban daga kwalekwale. Ku koma ajinmu mai cin mutum 42 ku zuba yara 140, ku ga abin da zai faru. Ciki ya yi zafi, babu wurin miƙe ƙafa, mutane suka haura sama suka yi shimfiɗa, nauyi ya koma inda bai kamata ya zauna ba. Wajen ƙarfe 11 na dare, daura da Gambiya, hadari ya taso da iska, na sama suka ruga gefe guda neman inda ruwa ba zai doke su ba. Jirgi ya kife cikin 'yan mintoci. A lissafin gwamnati mutum 1,863 suka mutu, 64 suka tsira, mace ɗaya tak a cikinsu. Ya zarce na Titanic na 1912, wanda har yau duniya ba ta gaji da labarinsa ba. Masunta ne suka fara kai ɗauki, na hukuma bai iso ba sai da gari ya waye.

A duba da kyau, jama'a. Neman iska ne ya kai mutanen nan sama, neman mafaka ya kai su gefe guda. Filin kwanciyar da ake ce wa gata, da rumfar da ake ce wa ƙawa, a kansu daidaiton jirgi ya rataya. Jirgin da kowa yake da tabarmarsa an san yawan mutanen cikinsa, gama tabarmi ba sa wuce faɗin ɗaki. Ranar da aka daina ƙirga tabarmi, ranar aka daina ƙirga rayuka. Kuma a nan babu wani Nasara da za mu ɗora wa, wannan aiki na baƙar fata ne a kan baƙar fata, bayan shekara 42 da mulkin kai. Da aka kawo sabon jirgi a 2008, mai sunan Aline Sitoé Diatta, sai aka koma rubuta sunan kowa da katin shaidarsa, kowa da lambar kujerarsa ko gadonsa. Ashe ana iyawa. Kuɗin makarantar ne dai ya yi tsada.

Bahar Maliya ma ta ba da nata karatun. A watan Fabrairu na 2006 jirgin al-Salam Boccaccio 98 ya taso daga Duba ta Saudiyya zuwa Safaja ta Masar da mutum wajen 1,400, yawancinsu leburori masu komawa gida, da alhazai. Tsohon jirgi ne na Italiya da aka ɗora wa ƙarin benaye don ya ƙara ɗaukar mutane. Wuta ta kama a inda ake ajiye motoci, ruwan da aka kashe ta da shi ya taru ya rasa mafita, jirgi ya karkata ya tafi da kimanin mutum 1,000. A watan Yuni na 2022 kuma, a tashar Sawakin ɗin nan dai ta kakanninmu, wani jirgi ya nutse da tumaki 15,800, alhali 9,000 ya kamata ya ɗauka. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne kafin rana ta faɗi duniya ta ji adadin tumakin da kuɗinsu, zama kowace tunkiya tana da mai ita, tana da takarda. Mutanen Joola kuwa an yi watanni ana gardamar ko su nawa ne.

Kada a ce labarin da ne, ko na nesa. A watan Afrilu na 2023 da yaƙi ya ɓarke a Khartum, dubban mutane suka kwarara Fot Sudan suka kwana a filin tasha suna jiran jirgin Jidda, har jirgi guda ya kwashi fiye da mutum 1,600 na ƙasashe sama da 50. Hanyar kakanni ce ta sake cika, wannan karon da masu gudun harsashi. A shekarar dai aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, fatake da ɗalibai da majinyata suka koma ƙetare kogi a kwalekwale, kaya a ƙasa mutane a kan kaya. Mutanenmu masu zuwa Gana sun san Yapei Queen, wanda ya yi shekaru yana ratsa tafkin Bolta daga Akosombo zuwa Yeji, tafiyar kwana da yini ko fiye, ɗakunan kwanansa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, saura su nemi benci ko akwatin doya. A watan Mayu na 2021 jirgin da ya nufi Wara ta ƙasar Kabi ya tsage da mutane fiye da 150. A Nuwamba na shekarar, a Bagwai ta Kano, mutum 29 suka tafi, yawancinsu yaran Islamiyya masu zuwa Mauludi. Waɗannan na ƙarshe gajerun ƙetara ne, amma cutar ɗaya ce da ta Joola: ana ƙirga kuɗi, ba a ƙirga wurin zama.

Za a ce ƙaddara. Mun yarda da ƙaddara, babu wanda zai wuce kwanansa. Amma ba mu taɓa ganin mai fito ya bar kuɗin fito ga ƙaddara ba, yakan ƙirga su sarai, har ya tare wanda bai cika ba. Wanda ya iya ƙirga dala ya iya ƙirga kai.

Za a kuma ce in aka rage mutane kuɗin jirgi zai hau, talakan da ake yi wa faɗa shi zai fara kuka. Wannan magana tana da nauyi, ba za mu yi mata ƙarya ba. Lalle zai hau kaɗan. Jirgin da ya saba cin kuɗin mutum ɗari ba zai yarda ya ci na sittin a farashi ɗaya ba. Sai dai a raba abubuwa. Tamfol na rumfa, da ganga biyu ta ruwan sha, da labule a masai na mata, da allo mai faɗin yawan mutane, duka ba su kai kuɗin man tafiya ɗaya ba, rashinsu raini ne kawai. Abin da ke da tsada shi ne ƙarin jirgi da ƙarin sawu, wannan kuwa aikin gwamnati ne, kamar yadda hanya da gada aikinta ne. Ba a taɓa ce wa mai mota ya gina gadar da zai bi ba. Inda ruwa ya yanke hanya, jirgin fito shi ne gadar, haraji kuwa ana karɓarsa a gaɓa duka biyu.

Sa'an nan mu faɗa wa kanmu wadda ba ma son ji. Sau nawa mai jirgi ya ce ya cika, mu ne muka ce haba, a yi haƙuri a matsa, mutum ɗaya ne? Sau nawa muka zagi jami'in da ya sauke mu, muka yabi wanda ya karɓi ɗan abu ya kau da kai? Mun mai da matsi ya zama zumunci, har wanda ya ce a bar masa wurin ƙafarsa muna ce masa mai girman kai. Maza kuma musamman, ku tuna tsohuwan nan ta bakin ƙofa. Namiji yakan juya baya a gefen jirgi ya rage mara, ya komo yana cewa tafiya ta yi daɗi. Matarsa tana nan zaune da ƙishirwa da gangan, ba za ta faɗa ba, ba kuwa a tambaye ta ba. In ana taron reshe kan batun nan, a bar mata su fara magana, kuma a haƙura da shirunsu na farko.

Magana tana aiki in an kai ta inda ya kamata. A 1953 Alhaji Abubakar Imam ya kai kukan alhazai majalisa, ya je ya gani da idonsa ya rubuta rahoto, daga baya aka buɗe ofishin kula da alhazan Nijeriya a Jidda. Abin da ya fi ƙarfi a hannunsa shi ne ya gani, ya rubuta. Mu ma da shi za mu fara, gama ba a fafa gora ranar tafiya. Reshen da yake kusa da mashigi, ko na kogi ko na tafki, ya tura mutum biyu ranar kasuwa su zauna a gaɓa da takarda. Kada su yi faɗa da kowa. Su rubuta jirgi nawa ya tashi, mutum nawa a kowane, akwai inuwa ko babu, akwai rigar ruwa ko babu, awa nawa aka jira a rana kafin a tashi, ina mata suke zagayawa. Su gaida sarkin ruwa su nuna masa abin da suka rubuta, sau da yawa shi ma yana neman wanda zai tsaya masa gaban masu jirgi. Reshen da ba shi da ruwa kusa yana da matafiya: duk wanda ya komo daga Gana ko Sudan ko Kwatano a zaunar da shi a yi masa tambayoyin nan, a aiko mana, za mu buga da sunan mashigin.

Ayar nan ta sanarwa kuwa, wadda aka ce a manna cikin harshen matafiya, ba sai mun jira wani kyaftin ba. Mu a nan Safo mun riga mun rubuta tamu da Hausa, boko a sama ajami a ƙasa, da gurbin yawan mutane da na kuɗin fito da za a cike da hannu, da zanen tabarmar da awonta. Yaran aji ne suka kwafe ta, saboda haka a yafe musu inda layi ya karkace. Sakataren reshen da ya zo cin kasuwar Maraɗi ran Litinin ko Juma'a ya biyo ya karɓi tasa, ya zo da ƙusoshinsa, namu sun ƙare.